Yadda ni da autanmu muka haɗa gem da kayan bola

1/ Zaren nan yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri. Labarin yadda ni da autanmu muka haɗa gem na lantarki da tarkacen da mutane suka zubar ne, da yadda na kusa ƙona ɗakina, da yadda yaro ɗan shekara 12 ya nuna min iyakar digirina. Duk mai ƙane a gida ya ɗan tsaya. 🧵

2/ Abin ya faro ne a dogon hutun bara. Umma tana da ɗan teburin saye da sayarwa a zaure: sukari, gishiri, sabulu, ashana. A gwangwanin madara take tara ciniki. Sai ta lura kullum da daddare lissafi ba ya cika. Yau babu ɗari biyu, gobe babu ɗari uku.

3/ Da aka bi diddigi, ashe Auta ne. Akwai gidan gem a bayan layinmu inda ake buga ƙwallo a PlayStation, kowane wasa da kuɗinsa. Can yake kai su. Ranar da asiri ya tonu Umma ta yi kuka, kuma ba kuɗin ne ya sa ta kuka ba. Kalmar "ɓarawo" ce ta kasa haɗawa da ɗanta.

4/ Abba ya ɗauko bulala. Ni kuma bakina ya riga hankalina, na ce: "Abba, a bar min shi. Tunda gem yake so, ni zan haɗa masa a gida." Abba ya kalle ni sama da ƙasa ya ce: "Kai da ko soket ɗin ɗakinka sai an kira mai gyara?" Amma dai ya ajiye bulalar. Ya ba ni sati biyu.

5/ Maganar ta yi min zafi don gaskiya ce. A lokacin na gama digiri a fiziks ina jiran tafiya bautar ƙasa. Na zana da'irar lantarki a takardar jarrabawa ya fi sau ɗari. Amma wallahi ban taɓa haɗa ko ɗaya da hannuna ba, daga farko har ƙarshe, ni kaɗai.

6/ Gem ɗin da na zaɓa mai sauƙi ne. Ka lanƙwasa tsirarar waya mai kauri ta yi hawa da gangara, ka kafa ta a kan kwali. Ka yi ɗan zobe na waya mai mariƙi, ka zura shi a ciki. Ɗan wasa zai bi da zoben daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Zobe ya taɓa waya, fitila ta kama, ka faɗi.

7/ Ba ni na ƙirƙiro ba. Dabarar tsohuwa ce. A Amurka akwai wani wasan yara mai suna Operation da ya fito kasuwa a 1965, shi ma haka yake aiki: ƙarfe ya taɓa ƙarfe, ƙara ta tashi. Wani ɗalibin jami'a, John Spinello, ne ya fara haɗa shi, ya sayar da haƙƙinsa a kan dala 500 kacal.

8/ Kayan da muka tara: kwalin Indomie, bututun biro da ya ƙare, matacciyar tocila mai caji, manyan batura biyu irin na rediyo, da baƙin salatef. Waya mai kauri kuma muka tare wani ɗan jari bola da kurarsa, muka sayi ƙonannen sitabilaiza. A cikinsa akwai naɗin jan ƙarfe mai yawa.

9/ Auta da farko ko kallona ba ya yi. Zama yake a bakin ƙofa ya kumbura baki. Da na nuna masa zanen ya ce: "Yaya, wannan ne gem ɗin? Ina allon? Ina 'yan ƙwallon?" Na ce ka dai riƙe min wayar nan. Ya riƙe kamar wanda aka ba wa wutsiyar ɓera.

10/ Muka warware wayar, muka lanƙwasa, muka kafa a kwali. Na ciro ƙwan LED ɗaya daga tocilar. Batura biyu, kowanne bolt 1.5, sun ba da bolt 3, daidai abin da farin ƙwai yake so. Na haɗa komai kamar yadda yake a littafi. Na sa zobe ya taɓa waya. Shiru. Ko ƙyalli.

11/ Na juya ƙafafun ƙwan, don LED hanya ɗaya yake karɓar wuta: doguwar ƙafa ce ta ɓangaren +. Shiru. Na canza batir. Shiru. Kwana biyu ina abu ɗaya. Auta yana gefe yana dariya ƙasa-ƙasa. Abba kuma duk wucewar da zai yi sai ya ce: "Injiniya, ya aiki?" 😭

12/ A rana ta uku na ajiye girman kai na ɗauki kwalin zuwa wurin wani dattijo mai gyaran rediyo a bakin titinmu. Ko sakandare bai yi ba. Na fara yi masa dogon bayani. Bai bari na gama ba. Ya ɗauki reza ya kankare wayar kaɗan, ya taɓa zoben da shi ma ya kankare. Fitila ta kama.

13/ Na ce: "Baba, me ka yi?" Ya ce: "Ɗana, wayar naɗi ai riga gare ta. An shafe ta da wani siririn fenti da ba ka gani, don kada zagaye ya taɓa zagaye. In ba haka ba ai injin ƙonewa zai yi. Kai ka ga ja ka ɗauka tsirara ce." Shekara huɗu a jami'a, reza ta warware min.

14/ Wannan shi ne darasi na farko ga mai son gwadawa: wayar da ka ciro daga fanka, sitabilaiza ko taransifoma, sai ka goge ta da sanfefa har ta yi haske. In kana son hutu, nemi guntun wayar wayarin gida mai zare ɗaya mai kauri, ka fere robar da reza. Ita tsirara ce daga ciki.

15/ Guga kuwa Auta ne ya yi ta. Awa guda yana dirzar waya da sanfefa, hannunsa ya yi ja. Da aka gama shi ya fara gwadawa. Bai kai rabi ba fitila ta kama. Ya ce a sake. Ya sake faɗi. Ya ce a sake. Har aka kira magariba yana "a sake". A nan na fara jin ƙamshin nasara.

16/ Sai rawar kai ta kama ni. Na ce hasken bai isa ba, na sa batir mai kusurwa huɗu, na bolt 9. Ƙwan ya yi wani wal sau ɗaya, ya mutu har abada. Abin kunyar, na san dalili, kawai ban taɓa ɗaukar lissafin aji a matsayin abin da zai iya ƙona min kaya ba.

17/ Ga lissafin. Farin LED yana son kusan bolt 3 da amfiya 0.02. Batir ya ba da 9, ragowar 6 sai an sami mai shanye ta. 6 a raba da 0.02 ya ba da om 300. Mafi kusa da ake samu shi ne rizista mai om 330, mai zanen lemo, lemo, ruwan ƙasa. Mun ciro ɗaya a allon tsohuwar rediyo.

18/ Dokar Ohm kenan da na haddace tun ajin sakandare. Ranar ce karo na farko da na gan ta da idona. Auta ya ce: "Wato rizista kamar maƙogwaron famfo ne, yana rage ruwan?" Na tsaya ina kallonsa. Bayanin da ya yi ya fi wanda na rubuta a jarrabawa fita.

19/ Saura ƙara. Muka haɗa lasifikar tsohuwar rediyo, sai ta yi "ƙwas" sau ɗaya ta yi shiru. Dalili: lasifika sai wuta tana kai da komo take rawa, batir kuma miƙaƙƙiyar wuta yake bayarwa. Abin da ake buƙata shi ne 'yar baƙar ƙarar nan mai kama da maɓalli, mai yin kuka da kanta.

20/ Baba mai rediyo ya ciro mana ɗaya daga allon wani mataccen UPS. Gwajinta ba wuya: ka taɓa ƙafafunta da batir. In ta ci gaba da "fiiii", ita ce. In ta yi "ƙwas" kawai, irin ɗayar ce, ka ajiye. Da muka sa ta, Umma ta leƙo daga kicin ta ce wa ya kawo mata gyare gida.

21/ Kafin sati ya zagayo, zaurenmu ya cika da yaran layi. Har da waɗanda suke zuwa gidan gem tare da Auta. Suka kafa doka da kansu: layi-layi, faɗuwa uku ka ba na baya. Sai kuma matsalar da ban hango ba ta ɓullo: musu.

22/ In zobe ya ɗan shafi waya, ƙarar ba ta kai ƙiftawar ido ba. Sai ka ji: "Wallahi ka taɓa!" "Wallahi ban taɓa ba!" Rantsuwa ta yi yawa, har aka kai ga cin kwala. Abba ya ce ko a yi maganin wannan ko kwalin ya koma bolar da ya fito.

23/ Maganin yana cikin ƙonannen sitabilaizan nan. Akwai wasu ƙananan akwatuna a allonsa, rile, su ne masu "ƙas-ƙas" ɗin da kuke ji in wuta tana rawa. Rile makunni ne da maganaɗisun lantarki yake ja. In ka ba naɗinsa wuta, sai ya rufe wata hanya ta daban.

24/ Dabarar ita ce ka sa rile ya riƙe kansa. Zobe ya taɓa waya, naɗi ya sami wuta, hanya ta rufe. Ita wannan hanyar kuma ka juyo da ita ta ci gaba da ba naɗin wuta. To ko ka janye zoben, fitila da ƙara ba za su tsaya ba sai an kashe makunni an sake kunnawa. Ƙarya ta ƙare.

25/ Amma rilen na bolt 12 ne, batirin 9 ba kullum yake iya jansa ba. A nan na tafka kuskuren da ya sa na rubuta zaren nan. Ina da mataccen batirin laftof. Na fasa shi, na ciro ƙwayoyin ciki, irin dogayen nan da ake kira 18650. Na jera uku na naɗe da salatef, sun ba da kusan bolt 12.

26/ Sun yi aiki, na ji ni wani ne. Da yamma muna gyara a ɗakina, Auta ya ajiye zoben a kan tabarma, tsirarar wayar ta faɗa daidai kan bakunan baturan biyu. Cikin daƙiƙu kaɗan salatef ya fara narkewa, hayaƙi ya tashi. Auta ya kai hannu zai cire.

27/ Wayar ta ƙona masa yatsu biyu. Na fizge ta da filaya, na kwashi baturan a cikin kwanon ƙarfe na kai tsakar gida na ajiye a kan yashi nesa da kowa. Allah Ya taƙaita ba su kama da wuta ba. Katifata tana taku ɗaya daga wurin. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

28/ Umma ta riƙe masa hannu a ƙarƙashin ruwa mai sanyi ta daɗe, ba ta ce min komai ba. Shirun nan ya fi zagi ciwo. Na ceci yaro daga bulala na kai shi ga wuta. Daren nan na yanke shawarar na haƙura, gobe in watsar da kwalin.

29/ Da safe na tarar da Auta zaune gaban kwalin, yatsu a naɗe. Ya ce: "Yaya, me ya sa manyan baturan rediyo ba su taɓa yin haka ba, waɗannan ƙanana suka yi?" Ba kuka, ba fushi. Tambaya. Yaron da sati biyu baya ko waya ba ya son riƙewa.

30/ Amsar, don ku ma ku riƙe: batirin litiyom yana iya sakin wuta mai yawan gaske lokaci guda. A cikin laftof ko waya akwai ɗan allon kariya da yake tsare shi. Ni na cire shi daga kariyar. In aka haɗe bakunansa, ko aka huda shi, ko aka yi masa cajin ganganci, yana iya kamawa da wuta.

31/ Muka koma ƙananan batura na agogon bango guda takwas. 1.5 sau takwas, bolt 12 cif. Muka canza rizista zuwa om 470, mai zanen rawaya, shuɗi-ja, ruwan ƙasa. Baba ya ƙara mana ɗan dayod a bakin naɗin rile don ya shanye wutar da take dawowa in an kashe. Baturan muka rufe su a cikin kwali.

32/ Ɓangaren da na fi alfahari da shi ba nawa ba ne. Yara suna son a ƙirga faɗuwar kowa. Ina tunanin yadda zan sayo wani allo mai tsada. Auta ya ɗauko tsohuwar kalkuletar teburin Umma ya ce: "Yaya, duba." Ya danna 1 + 1 =, ya ci gaba da danna =. Allo ya nuna 2, 3, 4, 5.

33/ Ya ce: "In rile ne zai riƙa danna mana wannan maɓallin fa?" Wallahi sai da na miƙe tsaye. Yawancin kalkuletoci masu araha suna maimaita lissafin ƙarshe duk lokacin da ka danna =. Ya gano haka ne a zaman jiran teburin Umma. Teburin da ya riƙa ɗaukar kuɗi a kai.

34/ Muka buɗe bayanta, muka maƙala siraran wayoyi biyu a ƙarƙashin maɓallin =, muka kai su bakin rile na biyu. Kada bolt 12 ɗin ya shiga kalkuleta, rile kawai zai haɗe wayoyin biyu kamar yatsa. Ka danna 0 + 1 ka tsaya. Duk taɓawa ɗaya, lamba ta ƙaru da ɗaya.

35/ Ranar da wa'adi ya cika muka kai wa Abba. Ya ce shi ba yaro ba ne. Umma ta ce tsoro yake ji. Ya naɗe hannun riga ya karɓi zobe. Kalkuleta ta ƙirga masa 11 kafin ya kai ƙarshe. Auta ya yi da 2. Abba ya ce wayar ce a karkace. 😂 Bayan isha'i na gan shi shi kaɗai yana sake gwadawa.

36/ Ba zan yi muku ƙarya ba, Auta bai daina son PlayStation ba. Ranar Asabar yana zuwa, da izini, da kuɗin da aka ba shi. Kwali ba zai kayar da Messi ba. Amma gwangwanin Umma bai sake yin giɓi ba, kuma kuɗin da ya ɗauka ya biya su da jiran tebur har ƙarshen hutu.

37/ Abin da ya canza shi ne idonsa. Da, in ya ga na'ura tambayarsa ita ce nawa ake biya a taɓa. Yanzu tambayarsa me ke ciki. Yana da kwali guda a ƙarƙashin gado cike da matattun tocila da caja. Rimot ɗin gidanmu ma sai da aka ɓoye.

38/ Kuma in kun tuna, ai haka muka taso. Motar gwangwani, motar kara, tayar silifas, ƙwan tocila a gaba a matsayin fitila. Ba wanda ya koya mana a aji. Wani wuri a hanya aka nuna mana cewa wannan wasan banza ne, ilimi kuma shi ne hadda. Ni na yarda, na fito da digiri ban san wayar naɗi tana da riga ba.

39/ Waɗanda ba su yarda ba, ga su nan. A 2007 Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin fiziks a Kano, ya haɗa helikwafta da tarkacen mota da babur. William Kamkwamba na Malawi yana ɗan shekara 14 ya haɗa injin iska mai ba da lantarki da sassan keke da kayan bola. An yi fim ɗinsa a 2019.

40/ Kayan aiki kuwa ba su da wuya. Rahoton hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na tarkacen lantarki, kuma bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba aka tattara aka sake sarrafawa a hukumance. A kowace matacciyar rediyo akwai abubuwa da yawa masu rai.

41/ Amma don Allah, in za ku gwada, ku riƙe waɗannan. Batura kawai, kada a kusanci wutar NEPA ko janareta. Kada a fasa batirin waya, laftof ko fawa bank. Kada yaro ya buɗe tsohuwar talabijin mai ƙeya ko UPS, kafasitocin ciki suna riƙe wuta ko an zare su daga soket.

42/ Kada a ƙona waya don cire roba, hayaƙin guba ne. A fere da reza, babba ya yi. In an yi aiki da dalma a wanke hannu kafin cin abinci. Kuma babba ya zauna tare da yaro. Ni ina zaune a wurin ma ga abin da ya faru, ina ga babu kowa.

43/ Sannan ku nemi mai gyaran rediyo ko waya na unguwarku. Ku gaishe shi, ku tambaye shi. Baba bai karɓi ko kwabo a hannuna ba. Abin da ya ce kawai in riƙa turo masa yaron ranar da babu makaranta. Yanzu Auta ya fi ni iya riƙe ƙarfen dalma, nesa ba kusa ba.

44/ Tabon yana nan a yatsunsa biyu. In abokansa suka tambaya sai ya ce na aiki ne. Ni kuma duk ranar da na gani sai na tuna wanda ya jawo. Jiya ya kira ni a wayar Umma, wai yana son ya sa wa gem ɗin agogo mai ƙirga lokaci, ya zai yi? Na ce ban sani ba tukuna, ya bari in zo hutu mu gwada.

45/ In akwai wanda ya taɓa haɗa irin wannan, musamman agogon, ya faɗa min a ƙasa, ina neman taimako da gaske. Wanda kuma ya gwada da ƙanensa ko ƙanwarsa ya turo hoto mu gani. Lambar Auta a yanzu 0 ce a kan waya mai lanƙwasa bakwai. Tawa 4. Ta Abba an hana ni faɗa.